Dutsen Danne Kabeji

Ranar da abin ya fara ba ta bambanta da sauran ranakun ƙarshen kaka ba a bakin garin Ekibastuz. Rana ta yi ja, ta faɗa bayan tsibin ƙasar da ake tonowa daga ramin kwal. Hayaƙin murhuna ya kwanta a kan rufin gidaje, ya ƙi tashi. Duisen ya dawo daga aiki ya yi wanka, amma baƙin kwal na nan a gefen idanunsa kamar ya sa kwalli. Matarsa Torgin tana zuba shayi da madara. Mahaifiyarsa, tsohuwa Kulpash, wadda kowa ke kira Aje, ta jingina da bangon murhu tana jan carbi. 'Yarsu tilo, Moldir, mai shekara goma sha uku, tana aikin makaranta a ƙarshen tebur.

Ladan bai gama kiran magariba ba sai wani abu ya faɗo a kan rufi. Ya gangara a hankali, ya tsaya. Sai na biyu ya faɗo, sai na uku.

"'Ya'yan maƙwabta ne," in ji Duisen, yana neman takalminsa. "Yau sai na ja kunnen wani har ya kai gwiwa."

Ya fita ya zaga gida. Ba kowa a layi, ko kare bai yi haushi ba. Ya dawo da tsakuwa ɗaya a tafin hannu, ya ajiye kusa da kwanon sukari. Tsakuwar ja-ja ce, a jiƙe, da ɗan gansakuka a gefenta, tana ƙamshin ƙaron itatuwan kan dutse. A garin da ko dusar ƙanƙara baƙa take zama kafin ta kwana, babu inda za a sami irinta.

Torgin ta kalli tsakuwar. Shayin da take zubawa ya cika kwano ya malale a kan tebur.

"Kelin, idonki yana ina?" in ji Aje, da sunan da surukai ke kiran matar ɗa. "Ko teburin ma baƙo ne da za ki ba shi shayi?"

Torgin ta goge teburin. Ta san inda ta taɓa ganin irin wannan dutsen. Babbansa yana ƙarƙashin ƙafafunsu, a ramin ajiya na ɗakin girki.

Kafin wannan da 'yan kwanaki, Duisen ya sami hutu ya kwashe su a mota zuwa gandun duwatsun Bayanaul, su sha iska mai tsabta kafin sanyi ya rufe hanya. Sun bar motar a inda ake barin motoci, suka taka zuwa Kempirtas, dutsen nan da iska ta sassaƙa ya zama kan tsohuwa, da dogon hanci da haɓa mai lanƙwasa. Aje ta ce gwiwoyinta sun ƙi, ta zauna a mota. Duisen ya tsaya ƙarƙashin haɓar dutsen ya ce ashe Aje ta riga su hawowa. Moldir ta yi dariya, ta ɗaga yatsu biyu daga nesa kamar tana matse hancin, ubanta ya ɗauke ta hoto.

Torgin kuwa ta zaga bayan dutsen, inda masu yawo ba su cika zuwa ba. A gindinsa ta ga wani dutse shimfiɗaɗɗe, mai faɗin babban faranti, sumul kamar an goge shi, an jingina shi a bakin wani ɗan rami. Tana ganinsa ta tuna da gangarta. Kowace kaka takan yanka kabeji da karas ta zuba gishiri ta cika gangar katako don cin sanyi, kuma sai an danne shi da abu mai nauyi kafin ya yi kyau. A filin Ekibastuz ba dutsen kirki. Bulo narkewa yake a ruwan gishiri. Bara da kwalbar ruwa ta danne, kabejin ya yi laushi, Aje ta shafe sanyin nan duka tana gaya wa baƙi cewa kelin ɗinta tsumma take jiƙawa ta kira shi abinci.

Ta ciccibi dutsen. Wata iska mai sanyi ta fito daga ramin ta shafi idon sawunta, ta ce a ranta inuwa ce. Ta san an hana fita da dutse ko itace daga gandun, kuma masu tsaron ƙofa sukan buɗe bayan mota su duba. Amma ba sa taɓa jakar makarantar yarinya. Ta yafito Moldir, ta zazzage jakarta, ta tura dutsen ciki, ta ɗora mata a baya.

"Apa, mene ne wannan? Kamar jaki kika samu," in ji Moldir, da sunan da take kiran uwarta.

"Yi shiru. Kada ki faɗa wa kowa, ko babanki. Kin ji?"

"Na ji."

Haka yarinyar ta gangaro da shi har mota, ta rungume jakar a cinya, suka wuce ƙofa mai tsaro yana ɗaga musu hannu.

Jifa ba ta tsaya a ranar farko ba. Kullum rana ta faɗi sai tsakuwa ta fara sauka, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san akwai mutane a ciki. Duisen ya hau rufi da fitila, ya sauko fuskarsa ba daɗi. Bayan haka sanyi ya fara fitowa daga ƙarƙashin ɗakin girki, ko da murhu na ci har ƙarfensa ya yi ja. Wani lokaci a ji kamar tsohuwa tana tari can ƙasa, tarin wanda iska ta daɗe tana duka.

Sai abin ya koma kan Moldir. Wata magariba ta ajiye cokali ta miƙe, ta je ƙofar gida ta buɗe. Ta tsaya a tsakiyar ƙofar, ta juya wa waje baya, ta dafa katakon dama da na hagu, ta sandare. Idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Ubanta, wanda ke ɗaga buhun kwal da hannu ɗaya, ya kama ta ya ja, ko motsi ba ta yi ba. Jikinta sanyi kamar ƙarfen rijiya. Sai da aka yi isha ta sulale ƙasa, ta yi barci. Da safe ta ce ba ta tuna komai ba, bayanta kawai ke ciwo.

Kullum haka. An kai ta asibiti, likita ya duba ya ce gajiyar karatu ce, ya ba da ƙwayoyi. Aje ta turara gida da ganyen daji lungu-lungu. Ba abin da ya sauya, sai ramar da yarinyar ke yi. Yatsunta suka fara tsagewa don sanyi. Ga kuma dusar ƙanƙara ta kusa, kowa ya san wanda ya tsaya a buɗaɗɗiyar ƙofa a sanyin wannan ƙasa ba ya daɗewa.

Aje ce ta ga hoton a wayar Duisen.

"To ga shi nan! An je gidan mutane an ja musu hanci. Wa ya ce miki kowane dutse dutse ne? 'Ya'yan yanzu, ba kunya ba tsoro."

"Ke kika jawo mana wannan?" Duisen ya daka wa 'yarsa tsawa, shi da ya ɗauki hoton da hannunsa. "Ana magana kina kallon ƙasa!"

Moldir ta ɗago ta kalli uwarta, kallo ɗaya, sannan ta mai da kai. Torgin tana tsaye da tsumman goge tebur. Maganar ta zo mata har maƙogwaro. Sai ta ga fuskar Aje, ta ji abin da za a riƙa faɗa a kowane biki da kowace ta'aziyya: kelin mai sallah biyar, mai ɗaura ɗankwali har gira, ita ce ta saci dutse ta ɗora wa 'yarta. Ta haɗiye maganar, ta shiga ɗakin girki.

Washegari da ba kowa ta ɗaga murfin ramin ajiya ta sauka, da niyyar ta fitar da dutsen ta jefar a bayan gari. Ta ɗaga shi daga kan faifan katakon da ke rufe gangar. Kabejin ya nuna, ya yi fari tas, ta ɗanɗana ta ji yana ƙaras-ƙaras a haƙori. Ba ta taɓa yin irinsa ba. Ta ɗebi kwano ɗaya, ta mai da dutsen, ta ce gobe. Da rana Aje ta ci, ta ƙara, ta ce, "Ashe kin iya, kelin." Shekara goma sha biyar Torgin tana jiran wannan kalmar, ga ta ta zo, ta ture kwanonta gefe. A sallah takan yi sujada ta daɗe, ta roƙa wa Moldir lafiya, amma in ta zo neman gafara sai ta rasa ta inda za ta fara, don ta san Wanda take roƙo ya ga jakar.

Ranar Alhamis Duisen ya ɗauko Molda Sagindik, dattijon malami da ake kira in irin wannan ta faru. Ɗan ƙaramin mutum ne mai farin gemu, ba ya ɗaga murya. Ya zo da la'asar sakaliya, ya sha shayi, ya tambayi Aje gwiwoyinta. Aka nuna masa hoton. Ya duba ya mayar.

"Mutum dubu sun ja hancin nan, Aje. Da don shi ne, da rabin ƙasar nan na tsaye a ƙofa."

Ya yi sallar magariba tare da Duisen. Suna sallamewa tsakuwa ta fara sauka. Moldir ta miƙe ta je ta buɗe ƙofa ta tsaya yadda ta saba. Iska ta shigo ta kaɗa labule. Molda ya jawo ɗan kujera ya zauna a gabanta, ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi. Duhu ya cika tsakar gida a bayan yarinyar. Can sai bakinta ya motsa, wata murya ta fito, busasshiya, ta tsohuwar da ba sauran haƙori.

"Ya isa, ɗan gemu. Kana ƙona ni a banza."

Aje ta saki carbi. Duisen ya yunƙura, Molda ya ɗaga masa hannu ya koma.

"Wace ce ke, baiwar Allah? Me yarinyar nan ta yi miki?" in ji Molda.

"Ina gidana tun kafin kakanninku su koyi hawan doki. Ban taɓa shiga gidan kowa ba. Suna zuwa su ja mini hanci, su zubar da ɓawon ƙwai, ban ce komai ba. Amma an cire mini ƙofa. Jikokina na kwance a ciki iska na dukansu, ƙaramin yana tari. Ga sanyi ya taho. Na bi sawun ƙofata, na tarar a bayan yarinyar nan aka ɗauko ta. To ta tsaya a madadinta. Duk lokacin da ta tare nan, can ma a tare yake."

"Har yaushe?"

"Har ƙanƙara ta narke."

"Ba za ta kai ba, kin sani. Ki ji tsoron Wanda ya halicce mu da ku. Ba a ɗaukar rai a kan dutse."

"To a yanka mini baƙin rago a gindin gidana."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Wannan ki cire shi a ranki. In haƙƙinki ne a hannun mutanen gidan nan, za a mayar miki, ni ne shaida. Amma ki faɗa mini, yarinya ƙarama me za ta yi da ƙofarki?"

Muryar ta yi wata 'yar dariya mai kama da tari.

"Ni ma abin da nake tambayarta ke nan. Hannun da ya ɗaga ƙofar ba nata ba ne, ƙamshin albasa da sabulu yake. Kullum ina ce mata, faɗa mini mai hannun in sake ki in kama shi. Na matse ta, na sa mata sanyi har ƙashi. Ta ce an ce kada ta faɗa. Ban taɓa ganin 'ya mai taurin kai irin wannan ba."

Tsakuwar ta daina sauka.

Torgin ta durƙusa. Ta rarrafa har gaban ƙofa, ta kama ƙafafun 'yarta masu sanyi.

"Ni ce. Hannuna ne. Ni na ɗauka, ni na sa mata a jaka, ni na ce ta yi shiru. Yana ƙasa a kan gangar kabeji. Ki sake ta, ki kama ni."

"Kabeji?" in ji Duisen, kamar bai taɓa jin kalmar ba. "Torgin, kabeji?"

Aje ta buɗe baki. Kowa ya jira abin da zai fito. Sai ta rufe, ta sunkuya ta ɗauki carbinta, ta ƙura masa ido.

"Ƙofar gidana," in ji muryar a hankali, "a cikin ruwan gishiri. Ku mutane ba ku da dama." Sannan ta ce wa Torgin, "Ke ba na son ki. Wadda ta ga 'yarta a tsaye a nan kullum ta iya yin shiru, iska za ta bi ta cikinta ta wuce. Ba za ki tare komai ba."

Torgin ta kifa goshi a ƙasa. Da duka aka yi mata da ya fi sauƙi.

"Ga mai hannun ta fito," in ji Molda. "Faɗi yadda za a mayar, ki bar yarinya yanzu."

"A wanke gishirin. Ita za ta kawo, a bayanta, a jakar da aka fitar da shi, da ƙafa tun daga ƙofar gandu. Kada namiji ya taya ta. Kafin ƙanƙarar farko."

"Gobe in Allah ya kai mu. Ke kuma ki yi alkawari da sunan Allah ba za ki sake waiwayar gidan nan ba."

"Me zan dawo in yi? Garinku warin hayaƙi yake." Muryar ta yi ƙasa. "Na yi alkawari. Ku shafa wa 'yar nan mai a kafaɗa."

Hannuwan Moldir suka saki katakon ƙofa. Ta faɗo jikin uwarta, da ɗumi, tana numfashin barci. Molda ya tashi da kansa ya rufe ƙofar.

Da asuba Torgin ta fito da dutsen ta wanke shi a ruwa mai yawa. Molda ya ce ruwa ya isa. Amma Aje ta fito da kofin madara ta zuba a kansa, yadda ake zuba wa maciji in ya shigo gida don ya fita lafiya. Ba ta kalli Torgin ba. Ta ce, "Kwalbar ruwan nan ta bara, ai tana nan. Ba laifi kabeji ya yi laushi. Haƙorana ma sun ƙare."

Duisen ya tuƙa motar har suka isa gandun. Sama ta yi nauyi, ta yi fari-fari. A ƙofar gandu Torgin ta sauka, ta buɗe jakar ta nuna wa mai tsaro, ta faɗa masa abin da ta yi. Mutumin ya leƙa, ya sosa ƙeya.

"Ni dai an sa ni in hana fita da dutse, uwa. Ba a ce mini komai a kan mai shigowa da shi ba. Wuce."

Ta goya jakar. Tun ba ta yi nisa ba igiyoyin suka fara cin kafaɗunta. Jakar yarinya ce, igiyoyinta sirara, dutsen kuma yana zamewa ya daki ƙashin baya a kowane taku. Ita a gandun nan sau ɗaya ta taɓa ɗaga shi, daga ƙasa zuwa jaka. Ba ta taɓa goya shi ba. Ta tuna ranar, Moldir tana gabanta a sunkuye, tana tsayawa tana gyara igiya, ita kuma tana ce mata ta yi sauri kada babanta ya lura. Nan ne kukan da ta riƙe tun ranar tsakuwar farko ya zo. Ta yi ta tafiya tana yi, tana neman gafara da babbar murya, ba kowa sai itatuwa.

Ta zaga bayan Kempirtas. Ramin na nan a buɗe, busassun ganye sun taru a bakinsa. Ta share su da hannu, ta yi bismillah, ta jingina dutsen. Ya zauna daram a gurbinsa. Iskar da ke shafar idon sawunta ta ɗauke. Tana gangarowa ƙanƙarar farko ta fara sauka.

Sun iso gida magariba ta wuce. Rufi shiru. Aje ta ce Moldir ta farka da rana ta ci burodi da man shanu har sau biyu. Torgin ta shiga ɗaki da kwalbar mai, ta zauna a bakin gado, ta janye wuyan rigar 'yarta. A kan kowace kafaɗa akwai layi, ya yi shuɗi ya fara komawa rawaya. Ta shafa man a hankali.

Moldir ta juyo. Ta ga yadda uwarta ke ɗaga hannu da ƙyar.

"Apa, ban faɗa ba."

"Na sani, 'yata. Ni ya kamata in faɗa. Ki yafe mini."

Yarinyar ta lakato mai a yatsa, ta tura hannu ƙarƙashin wuyan rigar uwarta, ta sami wurin da igiya ta ci.

"Akwai nauyi, ko?"

"Akwai nauyi."

"Ai ke hawa kika yi da shi," in ji Moldir, tana shafawa. "A gangara ya fi bugun baya."